Zuwa Ga Malaman Lissafi Na Gaya Da Ajingi: Ku Koya Wa Yara Farowa Daga Saura

 

Roƙona ɗaya ne. In tambayar kaso ta zo cikin labari, aka faɗi abin da ya rage aka nemi asali, ku saba wa yaro da farowa daga saura yana komawa baya. Ga misali daga gonakinmu. Manomi a Ajingi ya girbe gero ya fitar da ushiri na zakka, ya kai sulusin abin da ya rage kasuwar Gaya, ya biya bashin taki da rabin sauran, dami 30 ya shiga rumbu. Dami nawa ya noma? Yaron da aka koya wa haɗa kaso kawai zai tara ushiri da sulusi da rabi, ya sami 28 bisa 30, ya ce dami 450. Ya iya tarawa sarai. Abin da ya kuɓuce masa shi ne kowane kaso da tarin da aka cire shi, kuma tarin raguwa yake yi. Wanda ya faro daga rumbu kuwa zai ce: 30 rabi ne, kenan da 60 ne. An cire sulusi, ashe 60 kashi biyu ne cikin uku, kashi ɗaya 30, duka 90. Shi ma 90 kashi tara ne cikin goma, asali dami 100.

A matakin tsakiyar nan ku fi daɗewa, domin a nan yara ke tuntuɓe. Da yawa za su ɗauki sulusin 60 su ƙara, su ce 80. Kada ku yi saurin gyarawa. Ku sa yaron ya cire sulusin 80 ya gani ko 60 zai rage. Da kansa zai gane cewa sulusin da aka sayar na tarin da ake da shi kafin sayarwar ne. Duwatsu ko ƙwallayen dabino sun isa kayan aiki, ko ajin ya cika maƙil.

Wani zai ce wannan dabarar kasuwa ce, aljabara ake bukata a sakandare. Ai warware aljabara shi ne kwance abin da aka ɗaura, na ƙarshe da farko. Masanin Indiya Baskara ya rubuta wannan hanya a littafinsa Lilabati wajen 1150, kuma Al-Khawarizmi, wanda daga littafinsa na Bagadaza aljabara ta samo suna, ya ba matsalolin wasiyya da gado babban ɓangare a cikinsa. Yaron da ya san dalilin komawa baya ba zai haddace ƙa'ida a makance ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne ba kowace tambaya take karɓar wannan hanya ba. Gaskiya ne, kuma sai ku faɗa wa yara haka. A rabon gado, tumunin mata da sudusin uwa daga tari ɗaya ake cire su, don haka tara su daidai ne. Amma shi wannan tarin sai bayan an biya bashi an zartar da wasiyya yake tabbata, kun ga akwai matakin komawa baya a nan ma. Saboda haka kafin yaro ya taɓa alƙalami, ku tambaye shi da Hausa, ko da da Turanci aka rubuto tambayar: wannan kason, na duka ne ko na abin da ya rage?