Wasa Ɗaya, Maki Biyu: Wane Ne Ya Yi Ƙarya?

 

A hutun da ya wuce ƙanina da ke aji biyar na sakandare ya yi wata biyu cur yana tsaron shagon cajin waya na yayanmu. Duk abin da aka ba shi asusu yake jefawa, ko awara ya daina saye. Burinsa ya sayi na'urar wasan bidiyo ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, mai suna Wii, tare da wani wasa da ya ga ana yabo, The Legend of Zelda: Skyward Sword. Ranar da na dawo daga makaranta ko jaka ban ajiye ba ya tare ni da wayarsa. Ya nuna mini sharhin IGN, sun ba wasan maki 10 bisa 10. Ya shafa allo ya nuna mini na GameSpot, su kuma 7.5 suka ba shi. Sai ya ce, "Yaya, don Allah wane ne maƙaryaci a cikinsu?"

Na yi dariya, amma tambayar ta tsaya mini a rai, domin kuɗin da yaron ya tara gumi ne. Ya sayi abin da ba zai ji daɗinsa ba, babu mai mayar masa.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin Wii ba, kamfanin Nintendo na Japan ne ya fito da ita a Nuwamban 2006, lokacin da yawancinku ba a ma haife ku ba, ni kuwa ina goye. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba da maɓallai kaɗai ake wasa ba. Rimot ne a hannunka, in ka kaɗa hannu kamar mai buga ƙwallon tanis, ɗan wasan da ke cikin talabijin shi ma sai ya buga. A cikin rimot ɗin akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, a gabansa kuma akwai ƙaramar kyamara da ke kallon wasu fitilu da ake ɗorawa a saman talabijin ko ƙasanta. Hasken fitilun ido ba ya ganinsa, kyamarar ce kawai take gani. A 2009 aka ƙaro wani abu mai suna MotionPlus da ake maƙalawa a gindin rimot, a cikinsa akwai jairoskop, na'urar da ke auna juyawar hannu.

To, a kan wannan MotionPlus ɗin aka gina Skyward Sword, wanda ya fito a Nuwamban 2011. Takobin jarumin wasan yana bin hannunka ne. Ka sara daga sama, ya sara daga sama. Ka sara a karkace, ya sara a karkace. Abokan gaba kuma an yi su da wayo, suna kare ɓangare ɗaya su bar ɗaya a buɗe, sai ka duba inda suka bari ka kai sara ta nan. Wanda ya saba kaɗa rimot barkatai kamar mai korar ƙuda zai sha duka har ya gaji.

Mai sharhin IGN ya ji takobin yana yi masa biyayya, ya ga babu abin ragewa. Mujallar Famitsu ta Japan ma 40 bisa 40 ta ba wasan. Mai sharhin GameSpot kuwa ya ce shi hannunsa yana yin abu ɗaya, takobin yana yin wani, kuma hakan ya ɓata masa wasan. Magoya bayan Zelda suka yi masa ca. Sai kuma aka gano ya yi kuskure a rubutunsa, ya ce wasan yana amfani da waɗancan fitilun na saman talabijin wajen saiti, alhali jairoskop yake amfani da shi. GameSpot ta gyara jumlar, ta bar makin a 7.5 yadda yake.

A ganina babu maƙaryaci a cikinsu, kuma abin da na gaya wa ƙanina ke nan. Kuskuren bayanin yadda na'ura take aiki daban, abin da mutum ya ji a hannunsa daban. Jairoskop yana da wata ɗabi'a, in an daɗe ana jujjuya shi sai ya fara ɓata lissafi a hankali, inda yake zaton tsakiya ce sai ta goce. Shi ya sa wasan yake sa ka ajiye rimot a kan teburi kafin ka fara, kuma akwai maɓallin da za ka danna ka maido da saitin tsakiya. Wanda ya riƙa dannawa ba tare da ya damu ba zai ce komai lafiya. Wanda dannawar take ƙona wa rai zai ce wasan a lalace yake. Kowa gaskiyar ɗakinsa da hannunsa ya faɗa. Ko Shigeru Miyamoto da kansa, mutumin da ya ƙirƙiro Zelda, ya sha kunya a bikin baje kolin wasanni na E3 a 2010, lokacin da ya hau dandamali zai nuna wasan takobin ya ƙi bin hannunsa. Kamfanin ya ɗora laifin a kan yawan na'urori marasa waya da ke cikin zauren.

Ku gwada wannan da wasan maɓalli. In ka danna maɓallin tsalle a Kano, wani ya danna a Landan, abu ɗaya ne zai faru. Maɓalli ko an danna ko ba a danna ba. Amma kaɗa hannu ba shi da ma'auni ɗaya. Dogo da gajere ba su kaɗawa iri ɗaya, bahago da mai dama ma haka, wanda ke zaune a kujera da wanda ke tsaye kuwa ba a magana. Ke nan masu sharhi biyu za su iya sa faifai ɗaya a na'ura iri ɗaya, amma kusan wasa biyu suka buga.

Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na wani wasa mai suna Lair, da ya fito a kan PlayStation 3 a 2007. Kana kan wani dodo mai fukafukai da feshin wuta, kuma ba a ba ka damar tuƙa shi da ɗan sandan babban yatsa da kowa ya saba da shi ba, dole sai dai ka karkata abin riƙon gaba ɗaya hagu ko dama. IGN ta ba shi 4.9, GameSpot ta ba shi 4.5, dukansu suna kukan dodon ba ya jin magana. Maimakon kamfanin Sony ya karɓi gyara, sai ya buga wani ɗan littafi ya aika wa masu sharhi, yana koya musu yadda ya kamata a buga wasan kafin a yanke masa hukunci. Ku yi tunanin ɗalibi ya faɗi jarrabawa, sai ya rubuto wa malam takarda yana koya masa yadda ake maki! A nan kam ina bayan masu sharhi. Yaron da zai sayi wasan a kasuwa babu mai aiko masa da littafin. Kuma a Afrilun 2008 kamfanin da kansa ya saki gyara da ya ba mutane damar tuƙa dodon da ɗan sandan, abin da aka roƙa tun farko.

Sai dai su ma masu sharhin ba su tsira ba. Yawancinsu mutane ne da suka yi shekara da shekaru suna danna maɓalli, yatsunsu sun goge. Ka miƙa wa irin wannan gwani rimot ka ce ya kaɗa hannu, ka mayar da shi ɗan koyo, kuma ba kowane gwani ne yake son komawa aji ɗaya ba. Dubi Wii Sports, wasan tanis da dambe da sauransu. A shafin Metacritic, inda ake tattara makin masu sharhi a fitar da matsakaici, 76 bisa 100 ya samu, domin da yawa sun ce ba shi da zurfi. Amma fiye da kwafi miliyan 82 ne suka shiga hannun jama'a. Kada adadin ya ruɗe ku, a yawancin ƙasashe tare da na'urar ake bayar da shi. Duk da haka, har a gidajen kula da tsofaffi a Amurka an riƙa buga shi, mutanen da ba su taɓa riƙe abin wasan bidiyo ba a rayuwarsu. Rashin zurfin da ya sa gwani ya rage maki, shi ne ya sa kaka ta iya bugawa da jikanta. Makin 76 bai yi ƙarya ba, amma ba domin kakar aka rubuta shi ba.

Da Microsoft ta fito da Kinect a Nuwamban 2010, sai aka jefar da rimot ɗin ma baki ɗaya. Kyamara ce take kallon jikinka gaba ɗaya. A kwana 60 na farko an sayar da miliyan 8. Amma tana buƙatar ka tsaya kimanin mita 1.8 daga gabanta, in ku biyu ne ma fiye da haka, kuma babu kujera ko teburi a tsakani. Ni dai ɗakinmu na makaranta, da gadaje masu hawa biyu da bokitai da risho, ko wurin shimfiɗa sallaya sai an yi rabo. Mai sharhin da ya gwada ta a faffaɗan ofis bai san wannan ba. A kan wannan kyamarar Dance Central, wasan rawa, ya sha yabo, domin motsin rawa babba ne, kyamara tana ganinsa sarai. A kanta kuma Steel Battalion: Heavy Armor na 2012 ya sha zagi, domin yana so ka zauna ka riƙa miƙa hannu kana taɓa ƙananan abubuwa a cikin tankar yaƙi, kyamarar kuwa ta kasa bambance su.

Akwai kuma zamani. A Yulin 2021 aka sake fito da Skyward Sword a kan Nintendo Switch, hoto ya ƙara kyau, an kuma ƙara damar bugawa da maɓallai ga wanda ba ya son kaɗa hannu. An gyara abin da aka yi kuka da shi ke nan. Amma na 2011 yana da 93 a Metacritic, na 2021 kuwa 81. Wasan bai lalace ba. A tsakani an yi Breath of the Wild a 2017, idon mutane ya buɗe, ma'aunin ya canza. Don haka in kun ga maki, ku duba shekarar da aka bayar da shi.

Na san da yawanku za su ce, mu da ba mu da Wii balle Kinect, ina ruwanmu? Ai abin yana aljihunku. Duk wanda ya taɓa karkata waya yana tuƙa mota a wasan tsere, ko yana saita bindiga da jairo a PUBG Mobile, wasan motsi yake yi. Ku buɗe Play Store ku duba ra'ayoyin jama'a a ƙarƙashin irin waɗannan wasannin. Wani tauraro biyar, na ƙasansa tauraro ɗaya yana cewa wasan banza ne, ba ya juyawa. Sau da yawa ba wasan ba ne, wayar ce. Wayoyi masu araha da dama ba su da jairoskop na gaske, wasu kuma manhaja ce take kwaikwayonsa, sai motsin ya riƙa zuwa a makare. Wanda ya ba da tauraro ɗaya bai faɗi irin wayarsa ba, kai kuma ka yarda da shi ka fasa, ko ka yarda da mai biyar ka ƙona datarka a banza.

Abin da nake yi yanzu shi ne na rufe makin da babban yatsa na karanta rubutun. Ina neman na ji ko mai sharhin cewa yake na'urar ba ta amsawa, ko kuwa cewa yake shi ba ya son kaɗa hannu. Na farko matsala ce da za ta iya samuna, na biyu kuwa ra'ayinsa ne, kamar wanda ba ya cin yaji ya ce kilishi ba daɗi. Ina duba ko ya faɗi awa nawa ya yi yana bugawa, da irin na'urar da ya gwada a kai. In mutum biyar da ba su san juna ba suka yi kuka da abu ɗaya, kamar yadda aka yi da dodon Lair, to na yarda akwai shi. In kuwa rabi suna yabo rabi suna kuka a kan abu ɗaya tak, to sai hannuna ya taɓa kafin kuɗina ya fita.

Haka muka yi da ƙanina. Muka zauna muka karanta sharhin biyu daga farko har ƙarshe, yana tambayata ma'anar kalmomin da suka fi ƙarfinsa. A nan ne ya lura da kalmar MotionPlus, wadda bai taɓa kula da ita ba saboda idonsa yana kan 10 da 7.5. Ranar Asabar muka je wurin mai sayarwa, na ce a haɗa mana mu gwada. Rimot ɗin da ke tare da na'urar tsohon samfuri ne, babu MotionPlus a jikinsa, kuma Skyward Sword ba ya buguwa sai da shi. Mai shagon ya ce shi ma bai sani ba, kaya ne suka zo masa a kwali ɗaya, ya ce mu ba shi mako biyu zai nemo.

Kuɗin yana nan a hannun Umma, ta ce ko an nemo sai bayan jarrabawar zango. Shi kuwa har yau bai ce wa yake goyon baya tsakanin masu sharhin biyu ba, ya ce sai ya sari dodo ko ɗaya da hannunsa tukuna.

Wanda wani wasa ya taɓa cin datarsa saboda taurarin da ya gani, ya rubuto mana, ya haɗa da sunan wasan da irin wayarsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.