Idan Shugaba Ya Ƙi Tambaya, Garke Ne Ke Watsewa

 Maganar da na kawo a wannan fitowa tana da nauyi, amma ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Ina so mu duba yadda ake riƙon iko cikin ikilisiya, kuma zan ɗauko darasin daga tarihin 'yan Metodis, gama sun biya kuɗinsa da tsada.

John Wesley mutum ne mai son tsari. A shekarar 1742, a birnin Bristol na Ingila, bashin ɗakin sujada ya sa aka raba masu bi ƙungiya-ƙungiya, kimanin mutum 12, kowa yana ba da kwabo ɗaya a mako. Daga nan aka sami tsarin aji, inda kowa yake ba da lissafin rayuwarsa. Amma a 1784 Wesley ya danƙa ikon babban taro ga masu wa'azi 100, babu ko ɗan ikilisiya ɗaya a cikinsu. Wato na ƙasa yana ba da lissafi, na sama kuwa babu mai tambayarsa.

Bayan mutuwar Wesley a 1791, Alexander Kilham ya nemi a ba 'yan ikilisiya murya. Aka kore shi a 1796. Daga baya wasu takardu marasa suna suka riƙa yawo, suna zargin Jabez Bunting da mutanensa da tattara iko a Landan. Maimakon a binciki zargin, sai taron 1849 ya shiga neman wanda ya rubuta. Aka kori masu wa'azi uku: James Everett, Samuel Dunn da William Griffith. Cikin 'yan shekaru ikilisiyar ta rasa mutane wajen 100,000. Abin da Kilham ya roƙa kuwa, sai a 1878 aka yarda da shi.

Kada mu ce labarin Turawa ne. Ikilisiyar Metodis ta Nijeriya ta sami 'yancin kanta a 1962. A 1976 aka kawo sabon tsarin mulki na bishop-bishop, Farfesa Bolaji Idowu ya zama shugaba da laƙabin Patriarch. Waɗansu suka ƙi tsarin, ikilisiya ta rabu biyu, ba a sulhunta ba sai a 1990, zamanin Sunday Mbang, aka kuma mai da laƙabin Prelate. Shekara 14 ke nan! Haka ma a 2024 mun ga rabuwar 'yan United Methodist a Jihar Taraba. Gardamar ta taso ne kan koyarwa, amma ta kai ga tambayar wa ke da gine-gine, har aka rasa rayuka a Munga Dosso a watan Disamba.

Ba ina cewa a raina shugabanni ba. Garke marar makiyayi abincin kura ne, kuma takarda marar suna ba halin mai bi ba ce. Wanda yake da ƙara ya fito fili. Amma dattawa, mu tambayi kanmu: idan mun toshe ƙofa, me zai hana mutane bi ta taga?

Ni ma ba ni da bakin zargin kowa. Na taɓa zama a wata majalisa da ta dakatar da wani mai bishara bisa jita-jita, ba a ko kira shi ba. Na san ba daidai ba ne, amma na yi shiru don kada a ce na yi wa manya tsaurin ido. Gaskiya ta fito daga baya, sai dai mutumin da iyalinsa sun riga sun tafi. Har yau abin yana damuna.

Saboda haka ina roƙon majalisunmu abu huɗu. Na fari, kada a hori kowa sai an ji ta bakinsa, kamar yadda Nikodimu ya tuna wa shugabanni cikin Yohanna sura 7, a kuma ba shi wurin ɗaukaka ƙara. Na biyu, a karanta rahoton baiko da zakka a gaban jama'a, masu binciken kuma kada su zama zaɓin ma'aji. Manzo Bulus kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Na uku, idan za a yi wa fasto canjin wuri, a faɗa masa dalili, kada canji ya zama bulala. Na huɗu, mata da matasa su sami kujera mai ƙuri'a, ba ta kallo ba.

Mu da muke tsiraru a garuruwanmu, maƙwabta suna kallonmu. Yaya za mu nemi adalci wajen hukuma, alhali babu shi a majalisarmu? Shugaban da hannunsa yake da tsabta ba ya tsoron tambaya. Allah ya ba mu tawali'u mu gyara gidanmu tun kafin bango ya tsage. Amin.