Mai Haska Wasan Yana Da Hannu A Cacar



A Janairun 2000 aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Zamfara, caca ta zama laifi a hukumance. Yau caca ba ta neman ɗaki. Tana cikin wayar yaro a Birnin Tsaba, a Zurmi, a Shinkafi da Ƙaura Namoda. Mu kuwa masu alƙalami muna nan muna ta jan labarin Alhaji da amaryarsa ta huɗu.

Kuɗin da yaron nan ya zuba, aljihun wa suke faɗawa? A 2020 kamfanin MultiChoice, mai DStv da SuperSport, ya sayi kashi 20 cikin 100 na kamfanin caca na BetKing. A 2021 ya ƙara saye har ya kai kashi 49. A 2025 kuma Canal+ na Faransa ya karɓe MultiChoice ɗin kansa. Wato wanda ya kawo wasan cikin gidan kallon ƙwallo shi ne ya sayi kusan rabin kamfanin da ke karɓar caca a kan wasan.

Za a ce ai wannan aikin malamai ne da Hisba. Malam ya ce haram, yaro ma ya sani. Abin da ba a nuna masa ba shi ne lissafi. In ya haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ta cinye duka ɗaya ce cikin 1,024. Hisba za ta iya garƙame shago, amma ba ta iya garƙame waya.

Za a ce Abuja ce ke ba su lasisi. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon tsara harkar caca na jihohi ne. Wannan uzurin ma ya faɗi.

Saura namu. A ƙasar da manomi ke shiga gona da fargaba, buhun geron da aka kawo gida da ƙyar bai kamata ya ƙare a tikiti ba. Wa zai rubuta yaron da ya sayar da shi, da uwar da ta buɗe rumbu ta ga wayam? Wa zai rubuta mai hannun jarin da bai taɓa jin sunan garinmu ba?

Makon nan kowa ya kawo shafi ɗaya a kan wannan. Amaryar Alhaji ta jira.