MAKARA BA GADO BA CE

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, watau makara. In an ce a taru ƙarfe 8, sai ka ga mutane na isowa ƙarfe 9, ko kunya babu. In ka yi magana a ce maka ai "lokacin Afirka" ke nan, haka muka gada. Ni dai ban yarda da wannan zance ba, kuma ga dalilaina.

Da farko mu dubi garinmu. Manomin albasa na Aliero da zai kawo kaya kasuwar Jega ba ya jiran rana ta take, domin ya san masu saye na iya cika motarsu su kama hanya. Mutumin Maiyama da ruwan shuka ya sauka a gonarsa ba ya cewa sai jibi. Da azumi kuwa ban taɓa jin wanda ya makara wajen buɗa baki ba. Ashe mun iya kiyaye lokaci sarai in abin ya dame mu. Inda muke makara shi ne inda muka raina abin, ko muka raina mai jiranmu.

Turawan da ake yabo su ma koyo suka yi. A da, kowane gari a Ingila da nasa lokacin, har agogon Bristol yana bayan na Landan da minti 10. Jirgin ƙasa ne ya tilasta musu daidaitawa, sa'an nan a 1880 aka yi doka ƙasar ta bi lokaci ɗaya. Abin da wani ya koya, mu ma muna iya koyonsa.

Kada wani ya ce minti kaɗan ba kome ba ne. Ɗalibin da ke makara da minti 15 kullum ya yi asarar minti 75 a mako. A zango mai mako 13 ya zubar da fiye da awa 16, kuma yawanci darasin farko ne ke tafiya. Ranar jarrabawar WAEC ko JAMB kuwa ba a jiran kowa.

Ƙasa ma makara na iya tsayar da ita. Ran 2 ga Afrilu, 2011, jama'a sun riga sun fito zaɓen 'yan majalisar tarayya, sai shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, ɗan garin nan, ya ba da sanarwar ɗage zaɓen domin takardun rubuta sakamako ba su iso a kan lokaci ba. Sai ran 9 ga wata aka yi shi, na shugaban ƙasa kuma ya koma ran 16. Dubi yadda jinkirin kaya ya mai da miliyoyin mutane gida!

To, mene ne magani? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Makarar safe tun da dare take farawa. Saboda haka a wanke kayan makaranta, a haɗa littattafai cikin jaka, a ɗebo ruwan wanka tun kafin a kwanta. A rage hira da latsa waya bayan lisha, gama wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. A bar komawa barci bayan asuba.

Na biyu, a riƙa lissafi daga baya. A ce ana kaɗa ƙararrawa ƙarfe 7:45, tafiya daga Sabon Gari kuma na cin minti 20. Ka ƙara minti 10 saboda abin da ka iya tasowa a hanya. Ke nan lokacinka shi ne 7:15, ranka ya riƙe wannan, ka manta da na ƙararrawa.

Lalle akwai waɗanda ba lalaci ke makarar da su ba. Wata sai ta yi shara da wanke-wanke, ko ta kai tallan koko, wani kuma daga ƙauye yake takowa. Irin waɗannan bulala a bakin ƙofa ba ta warkar da su. Ya kamata malamai su binciki dalili, iyaye kuma su mai da aiken safe zuwa yamma. Haka nan manya su fara taro a lokacin da suka faɗa, domin yaro abin da ya gani yake yi.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya gwada wannan shiri na mako guda ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.