Kama da wane ba ta wane: sunan da ke saman imel ba shaida ba ne

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan imel ya shigo wayarka ɗauke da sunan banki ko na hukumar da ka nemi aiki, me kake fara dubawa? Yawancinmu sunan kawai muke kallo, sai hankali ya kwanta. To wannan layin na mai aikawa fa rubuta shi ake yi, kamar yadda mutum zai rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan kafin ya jefa a gidan waya.

Asalin matsalar tsohuwa ce. Ƙa'idar SMTP da imel ke tafiya a kanta an fitar da ita tun 1982, lokacin da masu intanet tsiraru ne, galibi a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kusan kowa ya san kowa. Ba a saka mata hanyar tabbatar da mai aikawa ba. Shi ya sa yau yaron da ya fara koyon rubuta manhaja zai iya, da 'yan layuka kaɗan, ya sa kowane suna a wannan gurbin.

Kar a fahimce ni a baibai, canza adireshin mai aikawa ba laifi ba ne a kan kansa. Mai sayar da atamfa a intanet da ke da adireshin kanta da na shago, ko sakataren ƙungiyar ɗalibai da zai tura wa mutum ɗari uku takardar gayyata, duk suna bukatarsa. Da Apps Script na Google za ka iya sa kwamfuta ta shirya maka daftarin saƙonni, kowanne da adireshin da ya dace, kai kuma ka duba ka tura. Amma lura da sharaɗin Gmail: sai adireshin da ka riga ka ƙara a akwatinka, aka aika masa lambar tabbatarwa, ka nuna naka ne. Wasu na ganin wannan takurawa ce. Ni a ganina nan ne iyakar gaskiya da zamba: naka ne, ko mai shi ya ba ka izini?

Wanda ya tsallake wannan iyaka ya san inda ya dosa. Wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar kamfanin Quanta na Taiwan, ya karɓe sama da dala miliyan 100 daga Facebook da Google, a 2019 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar. Hushpuppi da matasa suka riƙa sha'awar motocinsa a Instagram, a Dubai aka cafke shi a 2020, a 2022 ya samu ɗaurin sama da shekara 11, kuma damfarar imel na cikin abin da ya kai shi. A gida ma dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, EFCC kuma ba barci take ba. Masu kiran abin "wayo" su tuna, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Yanzu kai mai karɓa. In har an iya yaudarar Google, kai da ni su waye? Gaskiya an samu ci gaba: SPF na duba ko kwamfutar da ta turo saƙon tana da izini, DKIM na sa masa hatimi, DMARC kuma na faɗin abin da za a yi da wanda ya faɗi jarrabawar. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su ga masu tura saƙonni da yawa. Sai 'yan damfara suka sauya salo. Su bar adireshinsu na banza, su sa sunan banki a sama, tunda a waya sunan ne ke fitowa. Ko su sayi adireshi mai kama da na gaske, harafi ɗaya ne bambanci. Ko su saita saƙon yadda amsarka za ta tafi wani akwati daban.

Don haka ka taɓa sunan, ka karanta cikakken adireshin, musamman abin da ke bayan alamar @. Hukumar gwamnatin Najeriya da ke ɗaukar aiki da adireshin Gmail, ba na gov.ng ba, abin tuhuma ce. In ka danna amsa, sake duba inda za ta. In maganar kuɗi ce, ko BVN, ko lambar sirri, ajiye imel ɗin, ka kira su ta lambar da ka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Duk saƙon da ke cewa "yanzu-yanzu ko ka rasa", gaggawar ce tarkon.

Ku kuma masu koyon manhaja, ku koya da kyau, kasuwa na neman masu iya wannan aiki. Amma sunan da ba naka ba amanar wani ce, ka bar masa abinsa.