Wankin Mota: Ruwa Kafin Tsumma



A hutun da ya wuce wani almajirina, yaro mai himma, ya sami aikin wanke motar maƙwabcinsu domin ya tara kuɗin littattafai. Da sassafe ya tarar hunturu ya lulluɓe ta da ƙura, sai ya ɗauki busasshen tsumma ya yi ta gogewa da ƙarfi. Da rana ta fito, ga zane-zane ko'ina a jikin fenti. Mai mota ya sallame shi, iyaye kuma suka shiga ba da haƙuri. Yaron ya zo wurina idonsa cike da hawaye, ya ce, "Malam, ni fa tsumma mai laushi na sa."

Na ce masa, "Ɗana, ba tsumman ba ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne."

Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Hamada tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa. Rufin nan mai sheƙi da ke saman fenti bai kai kaurin takardar littafi ba. Wanda ya goga ƙura a kansa ya karce shi ke nan.

Ga yadda ya kamata a yi. A kai mota inuwa, a bari ƙarfe ya huce, gama a rana kumfa takan bushe ta bar tabo. A fara kwara ruwa sosai har ƙura ta gangara, hannu bai taɓa ba tukuna. A ajiye bokiti 2, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Kowane shafi, a ɗauraye tsumma cikin na ruwa kafin a mayar da shi cikin kumfa, domin yashi ya zauna can.

A fara daga sama a gangaro ƙasa, gama datti ya fi yawa a gindi. Tayoyi su zo ƙarshe, da tsummansu dabam. Tsumman da ya faɗi ƙasa, kada ya koma jikin mota sai an wanke shi. A guji soson wanka da garin sabulun wanki: na farko yana karce fenti, na biyu yana cinye kakin da ke kāre shi. Kashin tsuntsu kuwa, a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma ya yi laushi, kada a kankare da farce. Bayan ɗauraya a tsane ruwan da tawul mai tsabta, a hankali.

Na raka yaron ya sake ba maƙwabcin haƙuri, ya kuma bayyana masa abin da ya koya. An mayar da shi aikinsa. Iyaye, kafin ku miƙa wa yaro bokiti, ku tsaya ku nuna masa sau ɗaya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.