Aska a kan littafin d'Ohsson

Dillalan tsofaffin littattafai na Turai sun daɗe da gane cewa littafi mai zane ya fi kawo kuɗi idan an yanka shi. Cikin waɗanda askarsu ta ci har da Tableau général de l'Empire othoman, wanda Mouradgea d'Ohsson ya fara bugawa a Paris a 1787 kan daular Usmaniyya ta Turkawa. Sai a zare zanen, a sa shi cikin gilashi, a sayar ɗaya ɗaya. Rubutun kuwa ko oho.

D'Ohsson ba baƙon da ya kwana uku a Santambul ya koma gida yana baza labari ba ne. Can aka haife shi a 1740, ɗan Armeniyawa, tafinta a gidan jakadan Suwidin. Ya aza harsashin aikinsa kan Multaƙal Abhur na Ibrahim al-Halabi, littafin fiƙihun Hanafiyya da alƙalan daular ke hukunci da shi. Kowane zane da lambarsa, kuma wani babi yake wa hidima: masu ruku'u da sujada na babin salla ne, hoton Makka na babin hajji. Rawani kansa takardar shaida ne, don naɗi ke raba mufti da waziri. Wanda ya taɓa zama a fadar Damagaram ya san naɗi magana ne. Idan aka raba zanen da bayaninsa, Baturken ya koma adon bango, mai babban rawani marar suna, wato ainihin kallon da marubucin ya ƙare ƙarfinsa yana yaƙa.

Dillalai na cewa lalatattun kofe kawai suke yankawa, kuma ta haka marar ƙarfi ke samun rabonsa. Wane marar ƙarfi? Littafin da ya rasa zane goma ai yana karantuwa, wanda aka yanka kuwa ya tafi ke nan. Ga shi cikakkun kofe ba su da yawa tun asali: juyin juya halin Faransa ya tsai da aikin, marubucin ya rasu a 1807, sai a 1820 ɗansa ya fitar da kundi na uku.

Wasu kuma su ce ai yana intanet. Gaskiya ne, malamin makaranta a Tawa yana iya buɗe shi yau. Amma daga kofen da askar ba ta kai gare shi ba aka ɗauki hoton.